Launin hasken ƙwan lantarki da cinikin gidan yayana a Tumfure

Da aiki ya mayar da yayana Abuja, ni ya bar wa amanar sayar da gidansa na Tumfure a nan Gombe. Ɗaki uku ne da falo, da tayil ruwan ƙasa da fenti ruwan madara. Da rana gidan ba shi da makusa, sai dai masu saye ba da rana suke zuwa ba. Ma'aikaci sai ya tashi daga ofis, ɗan kasuwa sai ya rufe shago, saboda haka yawanci da La'asar sakaliya dillali ke kawo su, wani ma sai an idar da Magariba. Ke nan a hasken ƙwan lantarki suke yanke wa gidan hukunci.

Ƙwayayen gidan kuwa kowanne da irinsa, don duk wanda ya mutu, abin da aka samu a shago ake sakawa. A falo kaɗai akwai fari fat mai shuɗi-shuɗi, ga wani ruwan ɗorawa kusa da shi. Bango ɗaya sai ya fito launi biyu. Wani Alhaji ya shafa shi ya ce, "Malam, ruwa ne ya taɓa fentin nan?" Alhali ko shekara ba a yi da shafa shi ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san irin wahalar da Yaya ya sha kafin ya kammala ginin.

Mai gyaran wutar unguwar ne ya nuna mini wata lamba a jikin kwalin ƙwai da ke ƙarewa da harafin K, wato ma'aunin Kelvin. In lambar ta yi ƙasa hasken ɗorawa ne, in ta hau sai ya yi fari har ya karkata zuwa shuɗi. 2700K shi ne launin tsohon ƙwan nan mai zare a ciki, 3000K ya ɗan fi shi fari, 4000K fari ne tsaka-tsaki, 6500K kuma shi ne farin da ya cika shagunanmu. Lambar ba ruwanta da ƙarfin haske ko shan wuta. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi: ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, ko fari ne ko ɗorawa.

Na sayo ɗaya daga kowane iri, na riƙa gwadawa ɗaki-ɗaki bayan Isha'i. Masu shirya gidajen sayarwa a Turai da Amurka sun fi yabon 2700K, wai yana sa ɗaki ya yi ɗumi a ido. Da na saka shi a falo, uwargidana tana shigowa ta ce, "Maigida, wutar ce ba ta kawo da ƙarfi ba?" Wannan tambaya tata ta fi mini duk abin da na karanta amfani. Mu a nan, hasken da ya yi ja-ja alama ce ta wuta mai rauni, kuma wanda ya shigo daga zafin Afrilu na Gombe ba ɗumi yake nema ba. 6500K kuwa ya kashe ruwan madarar fentin ya mayar da shi toka-toka, tayil ya dushe, fuskar mutum ma sai ka ga kamar wanda ya tashi daga jinya.

Daga ƙarshe 4000K na sa a falo da kicin da banɗaki, 3000K a ɗakunan kwana, na bar 6500K a tsakar gida da bakin ƙofa inda ake son ganin komai tas. Sai da na zagaya shaguna a babbar kasuwa kafin na samu 4000K da yawa, amma na dage kada a gauraya iri biyu a ɗaki ɗaya. Na kuma duba lambar CRI, mai nuna yadda ƙwai ke fito da ainihin launin abu, ban ɗauki na ƙasa da 80 ba.

Ban yi wannan don rufe aibi ba. Akwai tsagewa a bangon sito, kuma duk wanda ya zo sai na kai shi na nuna masa, tun da addini ya wajabta wa mai sayarwa hakan.

Hotunan da na sake ɗauka don WhatsApp sun fito da launin bangon na gaskiya, tun da kyamarar waya ta daina rikicewa tsakanin haske biyu. In za a zo duba gida, nakan riga su zuwa in kunna duk fitilu, janareta na gefe ko da za a ɗauke wuta.

Ba zan ce ƙwan lantarki ne ya sayar da gidan ba, unguwa da farashi da takardu su suka yi. Amma tambayar fenti ta ƙare, mutane kuma suka riƙa zama a falo ana tattaunawa maimakon su leƙa su fita. Wanda ya saya ya roƙi a bar masa ƙwayayen yadda suke, na haɗa masa da kwalayensu don in wani ya mutu ya nemo mai lamba iri ɗaya.