Ƙara Ɗaure Noti Ba Ya Maye Gurbin Washi: Shawara Ga Matasa Masu Gyaran Injin Yankan Ciyawar Golf

Injin da ake aske ciyawar filin golf da shi yanka yake yi irin na almakashi. Yana da ganga mai murɗaɗɗun wuƙaƙe da ke juyawa, da wuƙar ƙasa wadda ba ta motsi, kuma a daidai inda bakunansu suke haɗuwa ake datse ganyen ciyawa. Edwin Budding ne ya ƙirƙiro wannan tsari a Ingila a shekarar 1830, bayan ya lura da na'urar da ake aske saman yadi da ita a masaƙun yankin Stroud, kuma har yau asalin aikin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne tsananin daidaiton da ake bukata, domin a fagen da ke kewaye da ramin da ake jefa ƙwallo akan yanka ciyawa a tsayin da bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuma a irin wannan tsayi kuskuren da bai fi kaurin takarda ba yakan bayyana a fili.

Ƙannena masu shigowa wannan sana'a, kuskuren da ya fi cin mini wuƙaƙe a farkon aikina shi ne ɗaukar sifana duk lokacin da kan yanka, wato sashen injin da ke ɗauke da ganga da wuƙar ƙasa, ya ƙi yanka takardar da ake gwada kaifinsa da ita. Nakan ƙara ɗaure notin saiti har wuƙar ƙasa ta matse ganga, takarda ta yanku, in ɗauka na gama gyara, alhali kuwa dakusassun bakuna biyu na tilasta wa gugar juna. Kafin a gama aikin safe wuƙar ƙasa ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ƙarar injin ta canza, kuma bayan ɗan lokaci sai ka shafa bakin wuƙar da yatsa ka ji tudu da kwari sun jeru a tsawonsa. Da zarar wannan zaizaya ta kama, babu ɗaurin da zai gyara ta, sai ma ta kwafu a jikin gangar, ta kuma gajiyar da boris ɗin da gangar ke juyawa a kai. Ita kuwa ciyawa, idan ka tsinko ganye ka duba da madubin ƙara girma, za ka ga bakinsa a yage da zaruruwa, ya yi fari, bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma ruwan ƙasa. Ganyen da aka yaga ya fi zubar da ruwan jikinsa, ya fi kuma buɗe wa cututtuka ƙofa. Abin da ya fi damuna idan na tuna shi ne yadda ake neman laifin a wajen ban ruwa ko taki, alhali daga teburin aikina matsalar ta fito.

Kamfanoni sun bambanta a kan yadda ganga da wuƙar ƙasa za su haɗu. Toro yana ba da shawarar su riƙa taɓa juna kaɗan, John Deere kuwa yana son a bar ɗan rata na kimanin milimita 0.025 zuwa 0.05. Ka bi littafin injin da ke gabanka, amma ka lura cewa babu wanda ya ce a matse. Gwajin takarda shi ne alƙali a nan: ka riƙe siririyar takarda a tsaye ga bakin wuƙar ƙasa, ka juya ganga a hankali, ka ga ko ta yanku tsaf ba tare da lanƙwasa ba, kuma ka yi hakan a gefen dama da tsakiya da gefen hagu, a kan kowace wuƙa ta gangar. Idan takarda ba ta yanku ba sai an matse, kaifi ne ya tafi, kuma washi ake bukata.

Kafin ka ɗora kan yanka a injin washi, ka wanke shi, ka girgiza gangar sama da ƙasa da gefe da gefe don jin ko boris ya yi sako-sako, ka kuma juya rola ta gaba da ta baya, waɗanda kan yanka ke gangarawa a kansu, ka ga ko sun lanƙwashe. Na taɓa wasa ganga a kan boris da ya mutu, ta fito tana ƙyalli, amma da aka ɗaura ta sai wasu wuƙaƙe suna taɓa wuƙar ƙasa wasu suna wucewa, aka yi asarar ƙarfe da lokaci a banza. Ka auna kaurin gangar a ƙarshenta biyu, domin amfani yakan cinye gefe ɗaya fiye da ɗayan har ta tsuke, kuma babbar manufar washi ita ce maido da ita daidai daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan ta kai ƙarancin kaurin da littafi ya ƙayyade, canza ta ya fi.

Washin ganga iri biyu ne. A na farko, ganga tana juyawa yayin da dutsen washi ke kai da komowa a tsawonta, shi ne yake maido da zagayenta da kaifin bakuna. A na biyu, ana bin wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ana rage ƙarfen da ke bayan bakin, ta yadda ɗan siririn layi ne kawai zai riƙa gogar wuƙar ƙasa. Masu sana'a suna muhawara a kan wajibcin na biyun, ni dai ina tare da masu yinsa, domin yana rage gogayya da nauyin da injin ke ja, yana kuma ba da damar farfaɗo da kaifi a tsakanin washi da washi. Ko wanne kake yi, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan. Idan ka ga bakin ƙarfe ya fara yin shuɗi, gaggawarka ta ƙona shi, kuma taurinsa ya ragu a wurin.

Wuƙar ƙasa ita ce matasa suka fi rainawa, ni ma na raina ta da farko. Tana da fuska biyu da ake wasawa, ta sama da ta gaba, kowace da kusurwar da kamfani ya ƙayyade, kuma gyara fuskar gaba kaɗai yakan dawo da yanka mai kyau cikin ɗan lokaci. Idan za ka sa sabuwa, ka kankare tsatsa daga ƙarfen da take zama a kai, ka yi amfani da sababbin sukurori, ka ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe da ƙarfin da littafi ya faɗa, sannan ka wasa ta a ɗaure, domin sabuwar wuƙa tana ɗaukar duk lanƙwasar ƙarfen da ke ƙarƙashinta.

Akwai kuma gugar baya, inda ake juya ganga da baya ana shafa mata man gurza da burushi mai dogon mariƙi. Tana da amfani wajen farfaɗo da bakin da ya ɗan dakushe, amma ba ta gyara gangar da ta tsuke ko wuƙar da ta yi tudu da kwari. Ka wanke man tas bayan ka gama, in ba haka ba zai ci gaba da cin ƙarfe yayin da injin ke aiki a fili, kuma kada ka kusanci ganga mai juyawa da tsumma ko gajeren burushi.

Wajen saiti, bin tsari shi ne rabin aikin. Ka fara daidaita ganga da wuƙar ƙasa, sannan ka ɗora kan yanka a kan shimfiɗaɗɗen faranti ka tabbatar rola ta baya tana layi ɗaya da ganga, sai a ƙarshe ka sa tsayin yanka da ma'auni a gefe biyu. Wanda ya fara da tsayi, zai sake shi. Idan injin yana da kawunan yanka uku ko biyar, tsayi ɗaya bai isa ba, dole kaurin gangunan da irin wuƙar ƙasa da matsayin rola su zo ɗaya, domin nisan da bakin wuƙar ƙasa ya ja baya daga tsakiyar ganga shi ke nuna yadda kan zai ci ciyawa da zafi. Bambanci a nan shi ke jawo layi mai duhu kusa da layi mai haske a kan ciyawa, ko da ma'auni ya ce komai daidai ne.

Tsayin da ka auna a tebur ba shi ne tsayin da ciyawa za ta samu ba, saboda nauyin kan yanka da laushin ƙasa da irin rolar gaba suna sa shi nutsewa. Shi ya sa nake roƙonku ku riƙa bin injin zuwa fili, ku durƙusa ku dubi ganyen, ku auna da madubin auna tsayin ciyawa. A can ne kuma za ka ga ko saurin tafiya ya dace da yawan wuƙaƙe. Gangar fagen rami takan ɗauki wuƙaƙe 11 ko 14, kuma ana son tazarar da injin ke ci tsakanin wucewar wuƙa da ta bayanta ta yi kusa da tsayin yankan. Idan direba ya yi gudu fiye da haka, ciyawa za ta fito da ƙananan tudu a jere, kuma babu washin da zai magance wannan.

Bayan an barbaɗa yashi a fagen rami, kaifin da ka sha wahalar samu yakan tafi a yanka ɗaya. Idan akwai hali, ka ware tsofaffin kawunan yanka don waɗannan kwanaki, ka adana wasassun har yashin ya shige cikin ciyawa. Ka kuma buɗe wa kowane kai shafi a littafin aiki, ka riƙa rubuta ranar washi da kaurin ganga a gefe biyu da tsayin da aka sa, domin daga waɗannan lambobi ne za ka gane kan da ke saurin tsukewa kafin alamarsa ta fito a ciyawa.