Layin da ya tsaya a wata na uku

Yau na raka kawuna karɓar maganin tarin fuka a nan Damagaram, muka iske majo, babbar malamar asibitin, tana haɗa rahoton wata uku. Babban rajista a buɗe, ga kwamfuta a gefe, tana ƙirgawa da bakin biro tana shigarwa cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙera, wadda ke kai alƙaluman asibitocinmu har ma'aikatar lafiya a Yamai. Sabbin kamu nawa, waɗanda suka warke nawa, mutuwa nawa. Sai biron ya tsaya a wani layi. Wani bawan Allah ne daga ƙauye, ya sha magani wata 2, tari ya lafa, shi ke nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba, alhali wata 6 ake sha. Ta kira lambarsa, a kashe. Ta ce duk wanda ya yi wata 2 a jere bai sha ba, gidan waɗanda suka ɓace ake sa shi a rahoton. Ta danna 1, ta juyo ta ce wa kawu, "Baba, don Allah kar ka sa in rubuta ka a nan." Ya yi dariya, amma ita fuskarta ba wasa.

Na'urar ta yi aikinta, kafin mu samu kabu-kabu ƙila wani ya ga 1 ɗin nan a Yamai, idan rezo bai yi gardama ba. Ni dai tunanina yana kan mutumin, yana can yana tari cikin ɗaki ɗaya da ƴaƴansa, kuma sai an samu mai hawa babur ya je ya nemo shi.