Titinmu ya ƙare a jikin katangar wani

Da aka zo rabon gonar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, can bayan gari ta ɓangaren Ungogo, ni na kafe cewa ba za a yi mata awon igiya ba. Dillalai suka yi ta sintiri. Ɗaya har gida ya same ni ya ce, "Alhaji, bar mu mu ja igiya, kafin sallah kowa ya riƙe kuɗinsa." Na ƙi. Na tashi a lungun da in an yi rasuwa sai an karkata makara kafin ta fita, ba zan yarda mu gina wa wasu irinsa da hannunmu ba.

Muka ɗauko safiyo da mai zanen tsarin gari. Aka fitar da babban titi a tsakiya, da layuka, da magudanar ruwa, aka ware filin makaranta da na masallaci. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi a nan. Ƙanwata ta ce, "Yaya, gadonmu kake raba wa titi." Na haɗiye. Aka shigar da takardu, bayan dogon jira amincewa ta fito, aka kafa duwatsun iyaka na siminti.

Gonar da ke tsakaninmu da kwalta ita ta karya mu. Muna can muna jiran sa hannu, magadan wancan gidan suka kira dillalai, aka yanka ta hamsin-hamsin, fuloti na jingine da fuloti, aka bar lungun da ko adaidaita sahu sai ya yi dabara. Da na je duba duwatsunmu sai na tarar an haƙa tushen gini daidai bakin titinmu. Kafin damina katanga ta kai linta. Titin da muka yi asarar fulotai dominsa, wanda na sha baƙar magana a kansa, ya zo ya tsaya cik a jikin bulon wani. Magudanar ma can ta gangara, don haka ruwan farko da aka yi ya daki katangar ya dawo ya kwanta a fulotan ƙasa. Har yau in na tsaya a wurin sai ƙirjina ya yi nauyi.

Doka kuwa tana nan. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta 1992 kan tsara birane ta ce ba a gini sai da izini. Kano ma ta taɓa samun tsarin shekara ashirin na Trevallion, wani masanin tsara birane, daga 1963 zuwa 1983. Amma yau birnin ya malala cikin ƙananan hukumomi takwas, kuma a gefen gari ana sayar da gona da takardar ciniki da shaidu kawai, igiyar dillali ta riga zanen gwamnati isa. Mu mun tsara gona ɗaya, alhali titi da ruwa ba su san iyakar gado ba. Aikin jiha ne ta shata manyan tituna da hanyoyin ruwa tun wurin yana gero da dawa, ta kafa alamu, dagaci da mai unguwa su san da su, ta kuma faɗi fadamun da za su zauna na noma. Rusau bayan an gama gini zalunci ne a idona. Mai katangar nan ƙaramin ma'aikaci ne da ya yi adashi ya sayi fulotinsa, ba wanda ya gaya masa a bakin titi yake.

Duk mai shirin yanka gona, kafin ya ba safiyo ko kwabo, ya taka da ƙafarsa daga gonar har kwalta, ya san mai kowane yanki. A zauna da maƙwabta gaban mai unguwa a rubuta yarjejeniyar hanya, in ta kama a fara sayen bakin titin. A lokacin kuɗin fuloti ɗaya zai ishe mu. Yanzu kuɗin gida ake magana.

Mai katangar ya amince mu ba shi fuloti biyu daga ciki, mu kuma biya kuɗin gininsa. Mu magada da waɗanda suka sayi fulotai a wurinmu muna karo-karo, kuma muna fatan a buɗe hanyar kafin wata daminar.