Zoben da ya kusa sa ni kuskure

A shekarata ta uku ta karatun haɗa magunguna a Wad Madani ta ƙasar Sudan, na ɗauki rabe-raben magungunan kashe ƙwayoyin cuta tamkar haddar allo: in karanta sunayen dangogi, in rufe littafi, in maimaita, ba tare da na kula da zanen da ke gefen shafi ba. Da hutu ya zo, sai na shiga koyon aiki a wani kantin magani a garinmu Mairuno. Wata rana wata dattijuwa ta kawo takardar likita mai ɗauke da amoksisilin, ina cikin ƙirga mata ƙwayoyin ta ce, "Ɗana, ka tabbata ba fenisilin ba ne, domin allurarsa ta taɓa kumbura mini fuska har numfashi ya gagare ni." Na ce, "Ba shi ba ne, Inna, sunansa ma daban." Allah ya sa mai kantin yana jin mu, ya karɓe maganin daga hannuna, ya mayar da ita wurin likita a sauya mata.

A daren nan na zauna na zana fenisilin da hannuna, irin ginin da Dorothy Hodgkin ta tabbatar a 1945, shekara 17 bayan Alexander Fleming ya gano maganin a Landan. Zuciyarsa ɗan ƙaramin zobe ne mai kusurwa huɗu, kabon uku da naitirojin ɗaya, wanda ake kira beta-laktam, manne da wani zobe mai kusurwa biyar da ke ɗauke da salfa. Da na zana amoksisilin a gefensa sai jikina ya yi sanyi, domin zobban nan biyu suna nan yadda suke, reshen da ke gefe kawai aka sauya. Tsakanin amoksisilin da wani ɗan'uwansa mai suna amfisilin kuwa bambancin bai wuce ƙwayar oksijin ɗaya da ke riƙe da haidirojin a kan reshen amoksisilin ba, amma ita ce ta sa hanji ya fi tsotse shi. Sefalosforin ma ɗan dangi ne, sai dai zobensa na biyu kusurwa shida gare shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takurar da zoben mai kusurwa huɗu yake ciki. Saurin ɓallewarsa ne ke ba shi damar kama sinadarin da bakteriya ke gina katangar jikinta da shi, kuma wannan raunin ne wasu bakteriya ke bi su tsinka shi da sinadarin beta-laktames, dalilin da ya sa ake haɗa amoksisilin da kilabulanik asid, wanda ke hana beta-laktames ɗin aiki. Ruwa da zafi ma suna buɗe shi a hankali, shi ya sa amoksisilin na yara yake zuwa a matsayin garin magani, sai a kantin a dama shi. A zafin jiharmu ta Sinnar, yanzu ba na miƙa wa uwa kwalbar sai na rubuta mata ranar da aka zuba ruwan, na kuma tambaye ta ko magani ya taɓa fito wa yaron da ƙuraje.