Dattijon da na haɗu da shi gaban Gareth Edwards

Ruwan sama ne ya koro ni cikin rukunin shagunan St David's da ke Cardiff, babban birnin Wales, yau da rana, na fake kusa da mutum-mutumin Gareth Edwards, tsohon ɗan wasan zari-ruga na Wales. Kullum ina wuce shi, ban taɓa tsayawa ba, don ni zari-ruga ba ta dame ni ba. Sai ga wani dattijo da sanda, hannunsa na rawa, ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga ɗan'uwa. Na gaishe shi, ashe na taɓo masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce a shekarun 1970 Wales ta hana kowa sakat. Sau uku, a 1971 da 1976 da 1978, ta doke Ingila da Faransa da Scotland da Ireland duka a gasa ɗaya. Edwards kuwa wasa 53 ya buga wa ƙasar a jere, ko ɗaya bai tsallake ba.

Amma da ya zo kan cewa Edwards ɗan mai haƙar kwal ne, haka ma abokin wasansa Barry John, sai muryarsa ta sarƙe. Shi ma mahaifinsa a ramin kwal ya ƙare ƙarfinsa, kuma ranar wasa kaɗai yake ganin dariyarsa. Ya ɗan yi shiru, ya share ido da bayan hannu, ya ce mini ruwa ya tsagaita. Har na iso gida ina tuna Baba da rediyonsa, ban taɓa tambayarsa me yake ji in ana wasa ba.