Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar Godiya a Gidan Maƙwabciya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda muka tare a gidan hayarmu na biyu a Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka, ana saura kwanaki a fara azumin 2024. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata tsohuwa Baturiya mai zaman kaɗaici, wadda yarana suka laƙaba wa Kaka. Yau a kanta zan tsaya.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane yadda muka saba. Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo ranar Laraba, 10 ga Afrilu. Mun je idi a wani makeken zaure cike da Somaliyawa da mutanen Habasha, aka sallame, Baban yara ya sauke mu a gida ya wuce jami'a saboda yana da aiki. Shi ke nan Sallar. Babu kiɗan taushi, babu yara masu barka da Sallah, babu mai tambaya ko za a je kallon Hawan Daushe. Motar kwashe shara ma ta zo a kan lokacinta kamar kullum. Ni kuma hannu ya riga ya saba, na tuƙa tuwon shinkafa tukunya guda kamar ina Gwammaja, na tsaya ina kallonsa. A gidanmu kafin azahar kwanuka goma sun fita, goma sun shigo. A nan wa zan kai wa? Na yi kukana na share hawaye, na zuba a kwano, na ce wa babbar 'yata ta miƙa wa tsohuwar nan.

Yarinya ta daɗe ba ta dawo ba. Da na leƙa sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa bayan an karɓi kwano an yi godiya, ita tana jiran tukuici, tsohuwa kuma tana murmushi ta rasa me ake jira. Na janyo ta kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar dai gaisuwa ta shiga tsakaninmu.

To, ana tsakiyar Nuwamba sai ga tsohuwar da 'yar takarda a hannu, wai tana gayyatarmu cin abincin Thanksgiving, ranar godiyarsu, wadda ke faɗowa Alhamis ta huɗu a watan. A 2024 ta kama 28 ga wata. A shekararmu ta farko ban ma san ranar ta zo ba, sai da na fita neman albasa na tarar da kanti a kulle, titi shiru kamar an yi shara.

Ban amsa mata nan take ba. Na bari rana ta yi tsaka na kira Hajiyarmu, lokacin ƙarfe bakwai na dare a Kano, don awa bakwai ne tsakaninmu idan sanyi ya shigo. Tambayarta ta farko ita ce, “Sallarsu ce?” Na ce a'a Hajiya, ba coci ake zuwa ba, dangi ne ke haɗuwa a ci abinci a gode wa Allah. Ta ce, “Naman fa?” Na ce tsohuwar da kanta ta je shagon Somaliyawa ta saro talo-talon da aka yanka yankan Musulunci, ta kuma ce ba za ta ajiye giya a tebur ba. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, “Wanda ya yi miki wannan ai ya gama miki komai. Ki je, amma kada ki je hannu rabbana.”

Tarihin ranar kuwa a bakin 'yata na ji shi, don a makaranta an cika musu kunne. Wai a 1621 Turawan da suka sauka Plymouth sun yi girbinsu na farko, suka ci tare da mutanen Wampanoag da suka tarar a ƙasar, waɗanda suka koya musu noman masara. Shugaba Lincoln ne ya mai da ita ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Babanta ya bari ta gama, ya ce ta ƙara da cewa jikokin waɗancan mutanen na asali da yawansu ranar makoki suke ɗaukarta, tun 1970 suke taruwa a Plymouth ɗin don tuna abin da ya biyo bayan cin abincin. Yarinya ta ɓata fuska, an ɓata mata labari. Ni dai na ce a raina, kowace ƙasa da tabon da take rufewa da babbar riga.

Abin da zan kai bai ba ni wahala ba. Tun Oktoba garin ya cika da kabewa, manya-manya, ana fafe su a yi musu ido da baki a ajiye a ƙofar gida har su ruɓe. Abin yana ci mini rai. Na sayi ɗaya na yi miyar taushe, alayyafo a madadin yakuwa, gyaɗar kwalba a madadin wadda ake daka wa, da ɗan ragowar daddawar da nake ɓoyo kamar zinariya. Na jiƙa shinkafa tun daren Laraba, na fito da tandar da na sha faɗa da Baban yara a kanta a filin jirgi saboda nauyi. Ina cikin suyar waina na'urar hayaƙi ta ɗauki ihu, Auta ya fashe da kuka, muka buɗe taga sanyi ya shigo kamar ana yanka mutum da reza.

Ƙarfe uku muka shiga. Ɗan tsohuwar ya zo daga garin Duluth da matarsa da yara biyu. Talo-talon da na gani a tebur ya kusa kai ɗan akuya, an gasa shi sukutum. Ɗan nata ya ce kada in yi mamaki, duk Amurka babu jihar da ta kai Minnesota kiwon talo-talo. Gaskiya naman ba yaji ba maggi, ga wani jan abu mai tsami da zaƙi da ake shafa masa, sai na riƙa satar miyata ina ɗorawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kabewa da sukari da madara, an gasa ta kamar kek. Su kuma suna ta mamakin kabewa da attaruhu. Surukar tsohuwar ta ci waina shida, na ƙirga, Allah Ya yafe mini.

Kafin a fara ci ne abin ya faru. Kaka ta ce al'adar gidanta kowa zai faɗi abu ɗaya da yake godiya a kai a shekarar, a bi layi.

Ku da kuka san mu kun san inda matsalar take. Mu godiya ba ta barin bakinmu. Ya aiki, da godiya. Ya jiki, Alhamdulillahi, ko da mutum yana kwance rai a hannun Allah. Amma a ce ka zauna gaban baƙi ka lissafa ni'imarka ɗaya bayan ɗaya, wannan ba a koya mana ba. Ana tsoron baki. Kakata ko yawan 'ya'yanta ba ta faɗa. Ni da ban taɓa kiran sunan mijina a gaban mutane ba, ban kuma taɓa yabon 'yar fari a bainar jama'a ba, yanzu in ce me?

Baban yara ya zuba Turancinsa tsaf, ya gode wa Allah da lafiya da karatu. 'Yata ta ce tana godiya da Mamanta da take tashi da asuba ta haɗa mata abincin makaranta, na sunkuyar da kai kamar an kama ni da sata. Auta ya ce dusar ƙanƙara. Sai ido ya dawo kaina.

Na ce Alhamdulillahi, na yi shiru. Suka ci gaba da jira, sun ɗauka gabatarwa ce. Cokali yana rawa a hannuna. Abin da ya zo mini kawai shi ne tukunyar tuwon nan ta ranar Sallah. Da guntun Turancina na ce, a garinmu idan mace ta yi girki ta rasa wanda za ta aika wa, to ba ta da kowa, kuma ni wata takwas na yi a haka a ƙasar nan. Na ce ina godiya da na sami ƙofar da zan aika yarinya da kwano. Kaka ta cire tabarau tana goge ido, ni kuma na shiga gyara wa Auta wuyan rigar da babu abin da ya same shi.

Wajen huɗu da rabi rana ta faɗi, muka tsallaka gida muka yi magariba muka dawo shan shayi.

Washegari Juma'a, ranar da ake rububin rangwame a kantuna, Baban yara yana ta azalzala mu fita neman rigunan sanyi. Na ce sai na je ban gajiya tukuna. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe a ruɗe, tana tambaya ko mun manta wani abu ne. Na ce a'a, na zo ne in ce an gode jiya, ina gajiya. Ta ce ai na gode mata jiya har sau uku. Na ce ta jiya daban, ta yau daban. Ta shige ciki ta fito da kwanona cike da ragowar kabewar sukari, ta miƙa wa 'yata, sannan ta laluba aljihu ta danƙa mata dala biyu tana cewa “tukuci, tukuci.” Ashe tun watan Afrilu yarinyar nan ta bi ta bayan idona ta yi mata bayani, kuma duk kwanon da na aika tun daga lokacin sai an ba ta. Kuɗin na cikin wata safa a ƙarƙashin katifarta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin gwajin tuƙi da na je ranar da ƙanƙara ta rufe titi, da abin da ya sa na dawo gida a motar haya.