Wasiƙa daga Alƙahira: Nazik al-Mala'ika ta wuce waƙa ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatu a gida. Ina gaishe ku daga Alƙahira, da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa.

Waɗanda suka karanta adabin Larabci a cikinku sun san Nazik al-Mala'ika, amma galibi a layi ɗaya: mawaƙiyar Iraƙi wadda ta buɗe ƙofar shi'irul hurri, wato waƙar da ba ta bin tsohon tsarin baiti, da waƙarta Al-Kulira a 1947. A nan ma haka ɗalibai ke haddace ta saboda jarrabawa, su wuce. Abin yana ci min tuwo a ƙwarya, domin matar ta yi shekara 83 a duniya, kuma 24 kacal take da su lokacin da ta rubuta waccan waƙa.

A Bagadaza aka haife ta a 1923. Mahaifiyarta marubuciyar waƙa ce da aka sani da Ummu Nizar, mahaifinta kuma malamin Larabci. Da kwalara ta ɓarke a Masar a 1947, ta ci rai kimanin dubu goma, Nazik tana gida tana jin adadin mamata a rediyo yana hawa kullum. Ta zauna ta rubuta Al-Kulira, ta bar tsarin baiti mai ɗango biyu daidai wa daida, ta riƙe taf'ila, wato ƙafar ma'aunin waƙa, ta ƙyale kowane layi ya yi tsawo ko ya gajarta yadda numfashi ya so. Ita da kanta ta ce sautin kofaton dawakin da ke jan amalanken gawa a ƙauyukan Masar take bi. Mahaifinta bai ji daɗin waƙar ba, musamman yadda ta yi ta maimaita kalmar mutuwa.

Har yau ana musu kan wa ya riga wani fara wannan salo, ita ko mawaƙin Iraƙi Badr Shakir al-Sayyab. Ni dai musun bai dame ni ba. Sayyab ya rasu a 1964 bai kai arba'in ba, sai ya zauna a zukatan mutane yana matashi. Ita kuwa ta ƙara shekara 43 bayansa, ta ga abin da aka yi da ƙofar da ta buɗe, kuma ba duka ya yi mata daɗi ba.

A 1962 ta fitar da littafin Ƙadaya al-Shi'ir al-Mu'asir, inda ta kafa wa sabon salon dokoki, ta kuma ƙi yarda a kira zube waƙa don kawai an yanyanka shi layi-layi. Matasan mawaƙa suka ce ta juya baya. Ban ga juyawa ba. Macen da ta koyi kaɗa udu (garayar Larabawa), ta ƙware a aruli, ilimin ma'aunin waƙa, tun tana budurwa, da ma ba rushe ma'auni ta zo yi ba, sassauta shi ta yi. Ta tsananta a wasu wurare, wannan gaskiya ne, amma kunnenta bai taɓa canzawa ba.

Sannan ga abin da ba a cika karantarwa ba: marsiyoyi uku da ta yi wa mahaifiyarta, wadda ta raka Landan a 1953 don tiyata, ta dawo ba ita, da Gaslan lil-Ar, waƙar yarinyar da 'yan uwanta suka kashe wai don wanke abin kunya, a zamanin da ba a ɗaga wannan magana a fili. Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ta koyar a Basra tare da mijinta, ta koyar a Kuwait. A 1978 ta fitar da diwanin Lis-Salati was-Saura, inda harshenta ya karkata ga ibada.

Daga 1990 ta zauna a nan Alƙahira, ta janye daga mutane, ciwon karkarwar jiki ya kama ta. Ta rasu ranar 20 ga Yuni, 2007, Bagadaza tana cikin yaƙi, aka binne ta a Masar.

Roƙona ga malamai a cikinku: in kun ba ɗalibai Al-Kulira, ku haɗa musu da marsiyoyin nan da babi ɗaya na littafin 1962. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Wassalam, naku a Alƙahira.